Yadda ake ɗora manhajar duba imel ta burauza a kan sabarka

Idan ofishinku ko makarantarku a nan Sakkwato na da sabar imel mai aiki da Postfix (mai aika saƙo da karɓarsa) da Dovecot (mai ba masu akwati damar buɗe wasiƙunsu), ka bar su yadda suke. Manhajar da za ka ɗora ƙofa ce kawai: ta hanyar sadarwar IMAP take karanto saƙo daga Dovecot, ta hanyar SMTP take aikawa ta Postfix, wasiƙun kuma suna nan a Dovecot.

Ka ɗauki Roundcube. Kyauta ce, da PHP aka rubuta ta, kuma har yau ana kula da ita, musamman tun da ta koma ƙarƙashin Nextcloud a 2023. SnappyMail ta fi ta sauƙin nauyi, wanda hakan ke da amfani ga masu shiga da datar waya, ba ta ma buƙatar rumbun bayanai. Amma SquirrelMail da RainLoop kada ka kusance su, an daɗe da yin watsi da su. SOGo kuwa sai in kalanda kuke buƙata.

Bayan ka sauke Roundcube, in ma'aikatanku ba su da yawa, SQLite ta isa a matsayin rumbun bayanai, ba sai ka wahalar da kanka da MariaDB ba. Daga nan ka buɗe config.inc.php, fayil ɗin saitunan Roundcube.

Nan ne masu koyo suke faɗuwa. Mutum ya ga komai yana kan kwamfuta ɗaya, sai ya rubuta ssl://localhost:993 a imap_host, wurin da ake rubuta adireshin Dovecot. Ya sa sunansa da kalmar sirri daidai, manhajar ta ce ta kasa haɗuwa da saba. Sai ya shiga canza kalmar sirri, alhali ba can matsalar take ba. PHP tana gwada sunan da ka rubuta da wanda ke jikin takardar shaidar TLS (tsarin ɓoye sadarwa) ta Dovecot. Takardar da sunan sabarka aka yanke ta, ba localhost ba, shi ya sa aka ƙi. Ka rubuta cikakken sunan da ke jikin takardar. Haka ma smtp_host: tls:// da tashar 587, ko ssl:// da 465, kada ka cakuɗa su. A smtp_user ka sa %u, a smtp_pass %p, don kowa ya aika da shaidarsa. Wasu sukan kashe verify_peer, saitin da ke tantance takardar, don a wuce wurin. Kada ka yi. Takardar Let's Encrypt, hukumar da ke ba da irin wannan shaida, ba ta cin ko kwabo. Sai dai duk lokacin da ta sabunta, a sake loda Dovecot da Postfix, in ba haka ba da tsohuwar za su ci gaba har wa'adinta ya ƙare.

Idan kana da fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin mai yawan kuskuren kalmar sirri, ka tuna Dovecot yana ganin kowa daga adireshin sabar Roundcube yake zuwa. Mutum ɗaya ya yi ta kuskuren kalmar sirri, sai a rufe wa ofis gaba ɗaya ƙofa. Ka sa adireshin a ignoreip, jerin adiresoshin da fail2ban ba ya toshewa, fail2ban ya riƙa sa ido a kan kundin shigar Roundcube.

Saura kaɗan. Ka ɗaga upload_max_filesize na PHP, iyakar girman fayil ɗin da za a haɗa da saƙo, don asalinsa 2M ne, tare da post_max_size da message_size_limit na Postfix. Fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku idan ya shiga imel. Ka goge babban fayil ɗin installer. Ka riƙa sabunta manhajar, domin a Yunin 2025 ma sigar 1.6.11 ta toshe wata babbar kafar tsaro. In kuma sabar a ofis take, a haɗa ta da inbata, a ajiye ta ɗakin da zafin watan Afrilu ba zai dafa ta ba.