Darasi na 7: Zawon 'ya'yan aladu bayan yaye

Duk mai kiwon aladu a Kudancin Kaduna ko Filato ya san wannan ciwon kan, ka yaye yara lafiya lau, kwana huɗu biyar sai ka ga zawo kamar ruwa, sun rame, gashi ya miƙe, wasu ma su mutu tun ba a fara zancen kai su kasuwar aladu ta Katsit ba. To daga hanji abin yake farawa.

Ɗan alade yana faɗowa duniya kusan babu garkuwar jiki, don uwarsa ba ta iya ba shi ita tun yana ciki. A dakashi yake samu, wato nonon farko mai kaurin nan, kuma hanjinsa ya fi zuƙar garkuwar a awa 24 na farko, daga nan sai ƙofa ta rufe. Shi ya sa in uwa ta haihu ka tsaya a kanta har ƙaramin cikinsu ya kama nono, kar manya su ture shi.

Ranar yaye kuma nono ya yanke, ga dusa da masara da cikin bai saba ba, ga rabuwa da uwa, ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji sai su ragu, mugunyar ƙwayar cutar nan mai sa zawo, E. koli, ta samu fili ta baje kolinta.

Nan ne firobayotik yake shigowa. Ƙwayoyi ne masu rai amma na kirki, irin su Laktobasilus, dangin waɗanda ke sa kindirmo tsami, da Basilus da yis. In sun shiga sai su tare wurin zama a bangon hanji, su saki tsamin da E. koli ba ta so, su kuma zaburar da garkuwar da ke jikin hanjin. A Tarayyar Turai tun 2006 aka hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma, abin ya ƙara sa manoma komawa ga irin wannan.

Ka fara ba yaran firobayotik kwanaki kaɗan kafin yaye, ka ci gaba har kamar sati 2 bayansa, a awon da ke rubuce jikin leda. Ledar a ajiye ta a inuwa, mai rai ne fa, zafi da ruwa mai kulorin suna kashe shi. Ni dai ban yarda da mai cewa yana maganin komai ba, ɗaki in ya jiƙe ga kashi ga sanyin dare, kuɗinka kawai ka zubar. Wanda zawo ya riga ya kayar kuwa, ruwan gishiri da sukari tukuna, sannan a kira malamin dabbobi.

Aiki: rubuta a littafinka ranar da uwar ta haihu da ranar da za ka yi yaye, ka ƙirga kwana nawa ne tsakani.