Yadda Za Ka Tsara Binciken Mastas Ɗinka a Fannin Gudanar da Ayyuka

Idan kana mastas a fannin gudanar da ayyuka, ko ka gama kwasa-kwasai an ce ka kawo take guda uku a zaɓa maka, shawarata ta farko ita ce kar ka rubuta ko layi ɗaya na furofozal sai ka san takamaimai inda za ka samo bayanan da za ka yi aiki da su. Wane ofis, wane fayil, wa ke riƙe da makullin ɗakin fayil ɗin, kuma zai yarda ya buɗe maka? Gaskiya yawancin ɗaliban da ke maƙalewa shekara uku ko huɗu a digirin da ya kamata a gama cikin biyu ba rashin ƙoƙari ba ne, take suka ɗauko mai daɗin ji, suka kare furofozal lafiya lau, sai da aka zo babi na huɗu, inda ake nazarin bayanan da aka tara, suka tarar babu mai ba su ko takarda ɗaya.

Mu a Najeriya ba mu da ƙarancin abin bincike a wannan fanni. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun 1979 ake maganarsa. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano an ƙaddamar da aikinta a 2018, duk mai bin hanyar ya san shekarun da aka kwashe ana fama. Ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano (AKK) mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. To amma ɗan'uwa, waɗannan manyan ayyuka ka ambace su a gabatarwa don nuna girman matsalar, kar ka ce su za ka bincika, sai dai in a ciki kake aiki kuma ogoginka sun amince a rubuce. Takardun biyan kuɗi na irin waɗannan kwangiloli ba sa fitowa don ɗalibi ya zo da wasiƙa daga sashensa.

Bari in nuna yadda ake matse take, don nan ne aikin yake. Ɗalibi zai zo da "Dalilan jinkirin ayyukan gwamnati a Najeriya". An rubuta wannan sau ba adadi, kuma ya yi faɗin da ba zai riƙu ba. Sai ka tambayi kanka wane irin aiki, hanya ce, asibiti ne, rijiyar burtsatse ce, ko ajujuwa? Mu ce ajujuwan firamare da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharka, wato SUBEB, ke bayarwa. Yanzu ka samu abin kamawa, domin dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin bai-ɗaya, kuma jiha ba ta karɓar rabonta daga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, sai ta ajiye nata kason daidai da shi, ka ga tun daga nan akwai wurin da jinkiri zai iya shigowa kafin ma ɗan kwangila ya sauke yashi. Sai ka ƙara matsewa: a waɗanne shekaru? Mu ce 2019 zuwa 2023. Me kake son aunawa? Alaƙar jinkirin biyan ɗan kwangila da lokacin kammala gini. Shi kenan take ya fito, kana da jiha ɗaya, hukuma ɗaya, shekara biyar, abu biyu da za a auna. Ayyukan kuma iri ɗaya ne, bulok mai aji biyu ko uku, don haka kwatanta su da juna zai yi ma'ana. Haka za ka iya yi da gine-ginen TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jami'arku ko kwalejinku, wanda ma ya fi sauƙi tunda sashen tsare-tsaren gine-gine na makarantar yana nan kusa da kai.

Kafin ka kai wa sufabaiza wannan take, ka je hukumar da ƙafarka. Ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe, ka kai ofishin da ya dace a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, sannan ka nemi ganin wanda ke kula da fayilolin kwangila ka roƙe shi ya nuna maka guda biyu ko uku kawai, ba ka ce zan tafi da su ba. Abin da za ka duba a ciki: takardar ba da kwangila da ranarta, wa'adin da aka ɗiba, kuɗin kwangila na asali, ranar da aka biya kafin alƙalami, takardun shaidar aiki da injiniya ko mai ƙididdigar gini ya sa wa hannu da ranar da aka biya kowacce, ko an yi ƙarin kuɗi daga baya, da takardar miƙa aiki. In waɗannan ranaku suna cikin fayil, wallahi ka samu bincike mai ƙarfi. In ka buɗe uku ka ga duk babu ranar kammalawa, gara ka sani yanzu ka sauya hanya. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, ka san da ita, amma a ganina ladabi da wasiƙar makaranta da yawan zirga-zirga sun fi saurin buɗe ƙofa, dokar ka bar ta sai abu ya ƙi.

Daga take sai manufofi. Uku sun isa, huɗu iyaka. Kowace manufa ta haifi tambaya ɗaya, kowace tambaya ka san da wane bayani za a amsa ta da kuma wane lissafi. Ka zana tebur a takarda ɗaya, manufa, tambaya, inda bayani zai fito, hanyar nazari. Duk layin da ka kasa cikewa to wannan manufar ba ta nuna ba tukuna, cire ta ko gyara ta. Wannan takarda guda ita za ta cece ka ranar difens, don malamai abin da suka fi kamawa kenan, manufa ta ce kaza, babi na huɗu ya amsa wani abu daban.

Sai hanyar bincike. Kusan kowa takardar tambayoyi yake rabawa mai zaɓi 1 zuwa 5, a jera dalilan jinkiri a ce mutane su auna. Ba laifi ba ne, amma ka gane ra'ayin mutane kake tarawa, kuma ɗan kwangila zai ce gwamnati ce ba ta biya, jami'in gwamnati zai ce ɗan kwangila ne ya karkatar da kuɗi, kowa na kare tuwonsa. Shi ya sa nake son a haɗa da fayil. Misali aiki an ba shi wata 6 ya ƙare a wata 10, ka cire 6 daga 10 ka raba da 6, jinkirin ya kai kusan kashi 67 cikin ɗari. Ka yi wa ayyuka hamsin ko sittin haka, ka sa kwanakin da kowanne ya jira biya a gefe, sai ka gwada a manhajar lissafi ta SPSS ko ma Excel ka ga ko suna tafiya tare. Bayan nan ka zauna da mutum takwas ko goma da suka san harkar su fassara maka abin da alƙaluman suka nuna. Irin wannan aiki ko mai jarrabawa na waje ya gani ya san an sha wahala.

Wani abu da dole ka lura da shi in shekarunka sun ratsa 2023: an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu na shekarar, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, har a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. In ka zuba ayyukan kafin wannan lokaci da na bayansa wuri ɗaya ka ce kana auna ƙarin kuɗi, sakamakonka zai ruɗe. Ka raba su gida biyu, ko ka tsaya kafin tsakiyar 2023, ko kuma shi kansa wannan sauyi ya zama abin da kake bincika.

In za ka raba takardar tambayoyi, ka fara sanin adadin mutanen da abin ya shafa daga tushe na gaske, kamar rajistar 'yan kwangilar hukumar, ko jerin membobin reshen jiha na ƙungiyar injiniyoyi NSE, ko ta masu ƙididdigar gini NIQS, ko ta magina NIOB. Kar ka ƙirƙiri adadi. In mutum 200 ne, dabarar Yamane ta fitar da adadin waɗanda za ka tambaya, da kuskuren 0.05, za ta ba ka 133, teburin Krejcie da Morgan na 1970 kuma 132, duk wanda sashenku ya saba da shi ka ɗauka. Ka raba fiye da haka don ba duka za su dawo ba. Ka fara gwadawa a kan mutum ashirin zuwa talatin, ka duba ma'aunin Cronbach, mai nuna ko tambayoyin sun dace da juna, in ya kai 0.7 an fi yarda da shi, kuma ka tambaye su wace tambaya ce ba su gane ba. Wajen jera dalilai ana amfani da RII, ma'aunin muhimmancin kowane dalili, lissafinsa ba wuya, in mutum 100 suka amsa jimillar makin da suka ba wani dalili ya zama 410, ka raba da 500, wato 5 sau 100, ka samu 0.82. Manhajojin cike tambayoyi irin su Google Forms ko KoboToolbox za su rage maka kuɗin fotokwafi, Kobo ma yana aiki ba intanet, amma dattawan 'yan kwangila da yawa sai ka je ka zauna da su, wani ma sai ka karanta masa da Hausa, don haka ka fassara tambayoyin tun a gida kar ka riƙa fassara kowane mutum daban.

Kuma don Allah kar ka zauna a ɗaki ka cike takardun da kanka. Ha'inci ne, kuma kai da kake karatun yadda za a daina yi wa al'umma algus a aiki bai dace ka fara da algus ba. Waɗanda suka ba ka bayani ka ɓoye sunayensu, ka sa musu lamba, ayyukan ma ka sa musu lamba, ka faɗa musu haka tun farko, domin mutum na iya rasa kwangila ko aikinsa saboda magana ɗaya.

Nazarin rubuce-rubucen baya ba zan tsawaita ba. Google Scholar, mujallar International Journal of Project Management, da kundayen da aka yi a sashenku da suke laburare. Ka sauke manhajar adana madogara, Zotero ko Mendeley, tun ranar farko ka riƙa adana duk abin da ka karanta. Abin da ake nema a babi na biyu shi ne ka nuna me aka sani, ina aka saɓa, me ya rage wanda naka zai cike. In ka yi amfani da ChatGPT ka sani yana ƙirƙiro sunayen maƙalun da babu su, duk madogarar da ba ka buɗe ka gani da idonka ba kar ta shiga aikinka, kuma makarantu da yawa yanzu sai an bi da kundi ta Turnitin, manhajar gano satar rubutu.

Yanzu jadawali, kuma nan ne ya kamata ɗan wannan fanni ya fi kowa. An koya maka rarraba aiki ƙanana-ƙanana, an koya maka jadawalin Gantt mai nuna lokacin fara kowane aiki da gama shi, da gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara komai ya makara, to ka yi wa kundinka haka. Ka fara daga ƙarshe, ka tambayi kodinetan karatun gaba da digiri yaushe ake sa ran difens na waje, ka dawo baya zuwa na cikin gida, ka dawo zuwa kare furofozal. Abin da ɗalibai ke mantawa shi ne lokacin jira. Kowane babi ka ba sufabaiza sati biyu zuwa uku, gyara sati ɗaya, ya sake dubawa, wasiƙar hukuma ita ma tana iya cin wata guda tana yawo daga tebur zuwa tebur. Yayin da kake jiran babi na biyu ka riƙa tsara tambayoyi, kar ka naɗe hannu. Ka duba kalanda kuma, in sai ka je wuraren gini a ƙauye to Agusta ba lokacinsa ba ne, ruwa ya cinye hanya, ƙarshen azumi da makon sallah ba za ka samu kowa a ofis ba, Disamba kuma ma'aikatan kuɗi suna fama da rufe shekara.

Ka rubuta haɗurran da ka iya tasowa da abin da za ka yi in sun faru. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, waɗanda suka riga suka kare furofozal sun yi amfani da lokacin sun tara bayanai. Sufabaiza na iya tafiya hutun shekara, jami'in da ya yi maka alƙawarin fayil ana iya yi masa canjin wurin aiki, shi ya sa amincewa a rubuce ta fi ta baki, kuma ka tanadi hukuma ta biyu. In akwai ƙaramar hukumar da tsaro bai inganta ba ka cire ta tun farko ka bayyana dalili a babi na uku, babu digirin da ya kai ranka. Laftof na lalacewa ko a sace, duk ranar Juma'a ka tura wa kanka kwafi ta imel ko Google Drive, ka sa kwanan wata a sunan fayil. Kuɗi ma ka yi musu kasafi, mota, data, buga kwafi-kwafi na kowane difens, ɗaurin kundi, sannan ka ƙara wani abu a kai saboda farashi ba ya tsayawa.

Ranar da za ka fara zama da sufabaiza ka tafi da takarda uku kacal: take da bayanin matsalar a shafi ɗaya, teburin nan na manufofi, da jadawalin. Ka tambaye shi cikin ladabi, "Malam, ta yaya ka fi so in riƙa kawo aiki, a buge ko ta imel, kuma wace rana ce ta fi maka?" Duk gyaran da ya faɗa ka rubuta a gabansa, in ka koma gida ka tura masa taƙaitaccen saƙo na abin da kuka tsayar. In ka dawo da gyara ka haɗa da tsohon kwafin da ya yi wa jan biro, don ya ga inda ka taɓa ba sai ya sake karanta babin daga farko ba.