Idan maƙwabci ya yi ciko ruwa ya juyo gidanka

A sababbin unguwannin Kano, Kaduna da Zariya, wanda ya zo gini daga baya yakan ɗaga gidansa sama da na wanda ya tarar. Zai sa a zuba masa tifa-tifa na jan ƙasa, a daddaɓe, a shimfiɗa intalok ko kankare a tsakar gida, wani ma ya ƙara da shukar furanni a jikin katanga. Filin da a da yake shanye ruwan sama sai ya koma ba ya shan ko ɗigo, kuma ruwa dole ya nemi gangare. Idan gidanka ne a ƙasa, kai zai samu.

Yana da kyau ka san yawan ruwan da ake magana a kai. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kusan murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa mai milimita 40, irin wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, rufin kwano da tsakar gidan da aka shafe za su zubar da lita 18,600, wato jarka 744 ta lita 25. Siminti da fenti a jikin bangonka ba za su tare wannan ba. Hanya za a ba shi, kuma sai an yi hakan gyaran bango zai yi amfani.

Ranar da ruwa ya shigo

Kafin ka taka ruwan, kashe wuta daga babban makunni, har da inbata da janareta idan akwai su. Soket ɗin da ke ƙasa-ƙasa da wayar da ke kwance a daɓe su ne ke kashe mutane. Bayan haka ka ɗauki bidiyo tun ana ruwa: inda yake fitowa daga gidan maƙwabci, hanyar da yake bi, da inda yake shiga wajenka. Da an ɗauke ruwa shaidar ta tafi, sai musu.

Fitar da kafet, katifa da tabarmi cikin kwana ɗaya ko biyu, domin bayan haka fumfuna ke kama su. Janye kujeru da kabad daga bango, buɗe tagogi, kunna fanka idan mai gyaran wuta ya duba ya ce ba matsala. Wanke daɓe da sabulu, sannan a bi da ruwan bilic kamar Hypo ko Jik, kofi ɗaya a lita 5 na ruwa, kada a haɗa shi da wani sinadarin wanki. Idan ruwan ya ratsa masai ya faɗa rijiya, a daina sha sai an tafasa har a yashe ta a sa mata kulorin. Ta nan amai da gudawa ke shiga gida.

Idan ginin ƙasa ne kuma gindin bango ya jiƙe har yatsa na nutsewa, kada kowa ya kwana a ɗakin. Irin wannan bangon ba ya ba da sanarwa.

Tabbatar daga ina ruwan yake

Kada ka tunkari kowa kafin ka tabbatar, domin sau da yawa rabin laifin na gidanka ne. Danshin da ya faro daga sama ya gangaro, na rufi ne ko indararo. Wanda ya taso daga ƙasa ya tsaya wajen gwiwa ko ƙugu, da layi kamar an ja, fenti na kumbura, farin gishiri na fitowa, wannan ruwan ƙasa ne ke hawa. Idan a bangon da ke kallon maƙwabci kaɗai yake, kuma bai fara ba sai bayan cikonsa, ka kusa gano bakin zaren. Danshin da bai bushe ba har cikin Maris da Afirilu galibi ba na damina ba ne. Duba ko famfo ya fashe a ƙasa, ko tankin burtsatse na ambaliya kullum, ko sokawe ya cika, ko kuma ana ban ruwan furanni a jikin katanga safe da yamma.

Sai awon tudu da gangare, wanda shi ne mafi muhimmanci kuma mafi araha. Sayi siririn tiyo mai haske, mita 10 zuwa 15, irin wanda birkiloli ke ɗaukar lebur da shi. Cika shi da ruwa, ka tabbata ba kumfar iska a ciki, domin kumfa ɗaya na ɓata awon. Yi alama a bango mita 1 daga daɓen ɗakinka. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya har ruwan ya tsaya daidai alamar, na biyu ya kai ɗaya bakin duk inda ake so a auna, ya yi alama inda ruwa ya tsaya, ya auna daga nan zuwa ƙasa. Inda ka samu santimita 70, ƙasar wurin ta fi daɓenka tudu da santimita 30. Inda ka samu 120, ta fi shi gangare da 20. Auna tsakar gidanka, gindin katanga ta ɓangarenka da nasa, bakin ƙofa, da ƙasan kwatar layi. Rubuta su a takarda.

Abu biyu kake nema. Na farko, ko kwatar layi ta fi tsakar gidanka gangare. Na biyu, ko ƙasar waje ta haura layin DPC, wato shimfiɗar da ake yi a kan harsashi don hana danshi hawa. Ƙa'ida ita ce wannan layi ya fi ƙasar waje tudu da aƙalla santimita 15. Da ciko ya rufe shi, danshi ya sami gada.

Magana da maƙwabci

Je da kanka, da takardar awo da bidiyo, lokacin da ba a cikin fushi. Kada ka aika yara ko ka bari mata su fara ta kan katanga. Ka ce masa: "Alhaji, aiki ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Sai dai ruwan tsakar gida yana sauka jikin ɗakina. In ba damuwa, a kira birkilanku da nawa su duba tare." Yawanci mai gidan bai ma sani ba, masu shimfiɗa intalok ne suka karkata gangaren inda ya fi musu sauƙi.

Ka tafi da buƙata takamaimai, domin "a yi wani abu" ba ya haifar da komai. Abin da ake nema daga ɓangarensa bai wuce waɗannan ba: a ɗaga layuka biyu ko uku na intalok da ke jikin katanga a gina ƙaramar kwata da za ta kai ruwan titi, indararon da ke zuba gidanka a sa masa bututu ya sauka cikin gidansa, a toshe rariyar da aka huda zuwa wajenka bayan an buɗe wata, a janye shukar furanni mita 1 daga bango ko a mayar da su tukwane. Idan za ka iya, ka ce siminti nasa, kuɗin aiki naka. Ya fi shari'a araha nesa ba kusa ba.

Idan ya ƙi, sai mai unguwa ko limamin masallacinku, daga nan dagaci. Duk abin da aka amince a rubuta: aikin da za a yi, wanda zai biya, ranar gamawa, da sa hannun shaidu biyu. Bayan nan akwai hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, wadda ke da hurumi kan gini da magudanan ruwa. Kotu ita ce ta ƙarshe. A shari'ar Musulunci hadisin nan na "ba cuta, ba cutarwa" shi ne malaman Malikiyya suka gina hukuncin indararo da magudana tsakanin maƙwabta a kansa. A dokar da aka gada daga Ingila ma, akwai bambanci tsakanin ruwan da ke bin gangarensa na asali, wanda na ƙasa ke haƙuri da shi, da ruwan da mutum ya tara ya juya wa wani da aikin hannunsa. Shi ya sa tsofaffin hotunan gidan kafin ciko, rasit da ƙiyasin birkila ke da daraja. Abin da ba za ka yi ba shi ne toshe masa rariya cikin dare ko fasa masa gini. Ka mai da kanka mai laifi, ruwan kuma zai taru a gindin katangar da kuke tarayya a kanta. Ɗan haya ya sanar da mai gida a rubuce tun ranar farko.

Aikin da za ka yi a naka ɓangaren

Fara da kwashe duk ƙasar da ta haura layin DPC. Sannan ka zuba daɓen kankare a gindin bango, faɗin santimita 60 zuwa mita 1, kauri santimita 10, ya karkata nesa da bango da santimita 2 a kowace mita. Haɗin: buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Bango mai tsawon mita 15 da daɓe mai faɗin santimita 60 zai ci kusan buhu 6. A daddaɓe ƙasar sosai kafin zubi, in ba haka ba, ƙasar za ta zauna daɓen ya karkato wajen bango, ka koma gidan jiya. A yi ta ba shi ruwa kwana 7.

A bakin daɓen a gina kwata, faɗi da zurfi kamar santimita 30, gangaren santimita 1 a kowace mita, a shafe cikinta sumul. Buɗaɗɗiyar kwata ta fi bututun da aka binne a wurarenmu, saboda yashi da leda. Bututun inci 4 kan toshe a damina ɗaya, kuma ba ka ganin inda ya toshe. In dole sai bututu, kamar ƙarƙashin ƙofa, a sa inci 6, a gina ɗan akwati mai murfi da raga a bakinsa inda yashi zai kwanta a riƙa kwashewa.

Idan ruwan ta ƙarƙashin ƙasa yake tsattsafowa, kwata ba ta kama shi. A haƙa rami mai faɗin santimita 40, zurfin 60, aƙalla mita 1 daga bango, kuma kada ya zarce zurfin harsashi. A shimfiɗa yadin tace ƙasa, a zuba wankakkiyar tsakuwa kaɗan, a ɗora bututun PVC inci 4 mai huji-huji, hujin na kallon ƙasa, a cika da tsakuwa, a naɗe yadin a rufe. Ba yadin, laka za ta cike tsakuwar cikin 'yan shekaru. Kuma ramin da ba shi da mafita rijiya ka haƙa a gindin ɗakinka.

Matsala mai wuya ita ce idan awo ya nuna kwatar layi ta fi gidanka tudu. Nan ruwa ba zai fita da kansa ba, yana ma iya dawowa ta rariya. Ko dai a haƙa ramin shanye ruwa aƙalla mita 5 daga gini, ko a yi ƙaramin rami a sa injin tsotsa. Ramin shanyewa na aiki a ƙasa mai yashi. A ƙasar laka ba ya tsinana komai: haƙa gwaji, cika shi da ruwa, in ka tarar da shi washegari to ka haƙura. Kada a kuskura a juya ruwan sama cikin sokawe ko masai, zai cika ya dawo da ƙazanta banɗaki.

Katangar da ke tsakaninku tana buƙatar ido na musamman. Bulo inci 6 an yi shi ne ya tsaya shi kaɗai, ba ya tare jiƙaƙƙiyar ƙasa mai tsawon mita guda ba. Idan ta fara ciki ko karkata wajenka, a hana yara wasa a gindinta. Gyaranta na gaskiya shi ne a sake ɓangaren da ke riƙe ciko da bulo inci 9 cike da kankare, da ginshiƙai masu rodi, da ƙananan bututu inci 2 kowace mita 1.5 don ruwan da ya taru a baya ya fita cikin kwata. Wannan aikin injiniya ne, kuma nauyinsa ya kamata ya hau kan wanda ya yi cikon.

Gyaran bangon ɗaki

Nan mutane ke asarar kuɗi saboda gaggawa. Bango mai kauri na ɗaukar watanni kafin ya bushe, don haka a bari sai hunturu. A farfashe fulastar da ta lalace har santimita 30 sama da layin danshi, a bar bulon a buɗe ya sha iska. Farin gishirin a goge shi da busasshen buroshi, wanke shi da ruwa na mai da shi cikin bango. Don gwaji, manna leda mai faɗin taku ɗaya a bango, ka liƙe gefunanta da salatif, ka bari kwana 2. In ka ga raɓa a bayanta, da sauran jira.

Sabuwar fulasta a yi ta da buhu 1 da kwano 8 na yashi mai tsabta, a ƙara sinadarin hana ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalinsa. Fentin farko ya zama na ruwa. Fentin mai ko tayil a kan bango mai danshi rufe ciwo ne kawai, danshin zai hau sama ya ɓullo a kan tayil ɗin. Ginin ƙasa kuwa a gyara shi da yaɓen ƙasa irin nasa, domin siminti a jikinsa na tsare danshi a ciki har ya ɓantare da bangon.

Tsaga a bango a sa mata alama da fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta a rubuta kwanan wata. Siririya kamar gashi da ba ta motsi ta fulasta ce. Wadda ta wuce milimita 5, ko take bin layin bulo kamar matakala, ko take ƙaruwa, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, alamar harsashi ya zauna ce, a kira injiniyan gini kafin a cike ta.

Cikin watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, a yashe kwata, sannan a juye duro guda na ruwa lokaci ɗaya a tsakar gidan maƙwabci da naka, ku biyun kuna tsaye, a bi shi da ido har titi. Duk inda ya kwanta a sa alama, birkila ya gyara gangaren wurin a makon.