Shirin Rediyo Kan Gona, Daji da Abinci: Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

A ƙasar Sudan, daga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa Gadarif, Kasala da Damazin, rediyo ba ya rabuwa da manomi da mai rumfa a kasuwa. Shi ya sa nake jin ciwo idan aka sami filin Hausa a tasha, aka ce za a yi shiri kan muhalli, sai a ɓata shi.

Babban kuskure shi ne a zauna a ɗakin watsa shiri ana karanto rahoton sauyin yanayi da aka fassara. Manomin riɗi a Gadarif ba ya buƙatar a sanar da shi cewa damina ta rikice, a gonarsa ya gani. So yake ya ji yadda maƙwabcinsa ya yi da ruwa ya makara: ya sake shuka ne, ko ya koma dawa mai saurin nuna? Maganin wannan shi ne fita. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya, in dai an juya wa iska baya, an rufe bakin wayar da ɗan soso ko ƙyalle, an kuma matsa kusa da mai magana. A bar kukan awaki da ƙarar injin ban ruwa su shiga, mai sauraro zai san lallai an je.

Sai rashin lura da lokaci. Zancen tsaga dakwara, wato hashab da Larabcin Sudan, bayan ɗaukewar ruwan sama ake yin sa, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da masu ƙaro ke shiga daji suna buƙatar tunatarwa cewa sara mai zurfi yana kashe itacen. In aka kawo shi tsakiyar damina, an yi wa iska magana. Haka kuma shirin manoma da hantsi, alhali suna gona.

Akwai kuma wa'azin "a daina sare itatuwa", ba tare da an tambayi uwar gida da me za ta dafa tuwo ba. Mai gawayi ba maƙiyi ba ne, a gayyato shi. A yankin Kasala, inda miskit, wani baƙon itace mai ƙaya da saurin yaɗuwa, ya cinye gonaki a bakin kogin Gash, yin gawayi da shi ma taimako ne. Wanda za a roƙa a sassauta wa su ne dakwara, aduwa da magarya.

Wanda ya fi haɗari: a ba mai magani fili ya ce saiwa kaza tana warkar da komai. A Gadarif akwai cutar kala-azar, wadda wani mitsitsin ƙuda ke yaɗawa da cizo, ya kuma fi yawa inda baƙar ƙasa ke tsagewa, wajen itatuwan talha (wani irin itacen ƙaro) da aduwa. Zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga rama, ga kumburin saifa, na asibiti ne. Duk ranar da aka taɓo lafiya, a zaunar da ma'aikacin lafiya a gefe.

Abinci kuwa, abin mamaki, maza ake kira su yi bayaninsa. Mai agashe, wato gasasshen nama irin tsire, ya cancanci fili, tunda Hausawa suka kawo shi har ya zama na Sudan baki ɗaya. Amma miyar kuka, fura da daddawa, ilminsu na hannun mata. Wadda ba za ta zo tasha ba, a aika mace ta same ta a madafa, da izinin gidan.

Kada kuma a goge abin da aka ɗauka bayan an watsa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa iyalai da dama, tsofaffin da suka san tarihin hijira da waƙoƙin daka suna ƙarewa. A rubuta sunan gari da kwanan wata a kan kowace hira, a ajiye kwafi biyu, ɗaya ba a tasha ba.