Farin hayaƙi daga salansar tsohuwar mota da safe: kurakuran da aka fi yi

Da zarar hunturu ya kankama a Damagaram, daga Disamba zuwa Janairu, masu tsofaffin Peugeot 504 da Toyota Hiace da Land Cruiser sukan fara tururuwa zuwa gareji da magana guda: motar tana fitar da farin hayaƙi idan an tayar da ita da asuba. Abin da ke damuna shi ne, wasu daga cikinsu sukan kashe dukiya a kan injin da lafiyarsa ƙalau, wasu kuma sukan yi ko-oho da injin da ke gab da mutuwa, kuma dukansu sun yanke hukunci ne tun kafin su tsaya su dubi hayaƙin da kyau.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kowane farin abu da ya fito daga salansa a matsayin cuta. Duk litar man fetur da injin ya ƙona tana samar da ruwa kusan lita guda a siffar tururi. Idan mota ta kwana a waje cikin sanyi, wannan tururi yakan haɗu da ƙarfe mai sanyi da iska mai sanyi, sai ya bayyana fari, har a ga ruwa yana ɗiga daga bakin salansa. Irin wannan ba shi da kauri, ba shi da wari, kuma a busasshiyar iskar hunturu yakan ɓace kafin ya yi nisa da motar. Maganinsa haƙuri ne kawai: a bar injin ya yi aiki kamar minti goma, in ya ɗauke bayan injin ya yi zafi, to kada a bari kowa ya ɗora sifana a kan motar. Amma fa idan an ga irinsa da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, magana ta canza.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, wato direba ya ga hayaƙi mai kauri yana ci gaba da fita bayan injin ya yi zafi, ya kuma lura ruwan radiyata yana raguwa ba tare da ya ga yoyo a ƙasa ba, sai ya sayi jarka ya ajiye a but yana ƙarawa kullum. Ruwan nan cikin silinda yake shiga, galibi saboda juwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (kilas) da jikinsa, wanda a Kano ake ce wa gaskit, ya ƙone, ko kuma kilas ɗin kansa ya tsage. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka ranar da ya taru da yawa a kan fistin cikin dare, bugun kii guda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin, kuma wanda abin ya same shi a hanyar Tanut zuwa Agadas ya san abin da nake nufi. Ana yawan cewa hayaƙin ruwan radiyata yana da ƙanshi mai zaƙi-zaƙi, kuma haka ne ga mai zuba ruwan sanyaya inji na kanti. Amma da yawa daga cikinmu ruwan famfo ko na rijiya muke zubawa, wanda tururinsa ba shi da ƙanshin komai, saboda haka hanci kaɗai ba zai yi hukunci ba. Abin yi shi ne a buɗe murfin radiyata tun injin yana da sanyi, a tayar da shi, a duba ko kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa. A duba ƙarƙashin murfin baƙin mai da sandar awonsa ko ya koma kamar shayi da madara. A kwance buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya: wanda ya fito fes kamar an wanke shi, alhali sauran suna da toka, shi ne ke nuna silindar da ruwa ke shiga. Kada a kuskura a buɗe murfin radiyata da zafi, domin matsin da ke ciki yana riƙe ruwan har kusan digiri 120, kuma fuska yake nufa.

Masu motocin gazuwal, wato dizal, suna da nasu kuskuren. A injin gazuwal, farin hayaƙi na farkon tashi sau da yawa man da bai ƙone ba ne, ana kuma gane shi da warin gazuwal da yadda yake sa ido hawaye, ga injin yana karkarwa na ɗan lokaci. Kafin a yi zancen buɗe inji, a gwada bujin ɗumama silinda, domin mutuwar guda ɗaya ta isa ta haddasa wannan da sanyin safiya. Daga nan a duba injekta, da saitin famfon mai, a kuma tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan matatar gazuwal, musamman ga mai sayen mai a jarka a bakin hanya. Sai an gama da waɗannan ake auna ƙarfin matsin silinda.

Akwai kuma masu rikita fari da shuɗi-shuɗi. Hayaƙin da ya fito dunƙule guda bayan mota ta kwana, mai warin ƙonannen baƙin mai, yawanci robobin bakin bawul ne suka bushe, ruwa ba shi da laifi a ciki. Idan kuwa man birki ne ke raguwa babu alamar yoyo a ƙafafun mota, a duba tulun iskar birki, domin injin fetur yana iya zuƙo man ta tiyonsa ya ƙona shi fari.

Ko da an tabbatar juwan ne ya ƙone, gyaran ma yana da nasa tarko. Kilas, musamman na alminiyon, yakan karkace idan injin ya taɓa tafasa, kuma karkacewar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba ta isa ta sake ƙona sabon juwan. Dole a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo, a kai shi a goge fuskarsa idan ya kama, sannan a ɗaure kusoshinsa daga tsakiya zuwa gefe, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da kamfanin motar ya ƙayyade. Ƙarfin damtsen yaron gareji ba ma'auni ba ne. Bayan haka a nemo abin da ya sa injin ya tafasa tun farko: radiyatar da gishirin ruwan rijiya da ƙurar hunturu suka toshe, ko fankar da ba ta juyawa, ko murfin da robarsa ta mutu. Ban yarda da al'adar cire tarmosta, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyata idan injin ya yi zafi, a jefar wai don ƙasarmu tana da zafi ba, domin injin da babu ita yakan daɗe bai yi ɗumi ba da safe, ya ƙara shan mai, tururi kuma ya riƙa taruwa a cikin baƙin mai da salansa. Idan ta lalace a sayi sabuwa, a gwada ta a tukunyar ruwan zafi a ga ta buɗe kafin a ɗaura ta.