Yadda na gyara karena mai fizgar igiya

Karen nan nawa da mun fito titi a unguwar Rayfield da ke Jos sai fizgar igiya, ya ga keke napep ya zabura, har tafin hannuna ya yi ja. Abin da na yi, igiya na miƙewa sai in tsaya cak, ba tsawa ba duka, in ya waiwayo ta saki in ba shi guntun busasshen nama daga aljihu mu ci gaba. Na cire masa abin wuya na sa na ƙirji don na wuyan yana shaƙe shi har tari yake. Kafin mu fita kuma ina jefa masa ƙwallo a tsakar gida ya rage zumuɗi. Akuya kam har yanzu muna fama, tun daga nesa nake tsallakawa da shi.