Gitar ko-ta-kwana: ku fara duba gadar tremolo

'Yan uwa masu kaɗa gitar lantarki, in za ku sayi ta biyu mai sauƙin kuɗi, ku duba gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin gitar, kafin fenti. Ta tremolo ita ce mai sandar da ake dannawa don lanƙwasa sauti.

Gada mai shawagi irin Floyd Rose tana tsaye ne tsakanin jan tsirkiyoyi da jan sifirin da ke bayan gitar. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun bar saiti, kuma sai an kwance makullin da ke danne tsirkiyoyi a ƙarshen wuyan gitar kafin a gyara. A tsakiyar wasa babu wannan lokacin. Don haka in babbar gitarka Floyd Rose gare ta, nemi mai irinta, akwai su cikin jerin gitar Jackson JS. In kuwa gada irin ta gitar Stratocaster ce mai sukurori 6, gitar Squier ko Yamaha Pacifica ta wadatar.

Kafin ka biya, danna sandar har ƙasa, ka sake ta, ka saurara. In sauti bai koma daidai ba, wataƙila bakin ƙarfen da gadar ke juyawa a kai ya cinye. Ni dai ba zan saye ta ba.

Sannan ka sa mata tsirkiya mai kauri ɗaya da ta babbar, misali lamba 9 zuwa 42, wato daga mafi siranta zuwa mafi kauri, don kada yatsunka su ji baƙunta.